Onarabul ya zo suna, amma me ya faɗa a majalisa?

A zangunanmu, daga Nima zuwa Aboabo, ma'aunin ɗan majalisa sananne ne: ya zo jana'iza? Ya aiko da ambulan ranar suna? Ya biya wa ɗan wane kuɗin makaranta? In amsar e ce, to mutumin kirki ne, a sake zaɓensa. Ba na raina alheri, amma ni da nake koyar da darasin zamantakewa a ƙaramar sakandare, abin da nake karanta wa yara a tsarin mulkin 1992 daban ne. Aikin da muka tura shi Akra ya yi guda uku ne: yin doka, amincewa da yadda za a tara kuɗin ƙasa a kashe, da sa wa gwamnati ido.

Bari mu bi ƙuduri mu ga inda bakinsa yake da amfani. Sashe na 106 ya ce sai an buga ƙuduri a jaridar gwamnati aƙalla kwana 14 kafin a gabatar da shi, tare da bayanin matsalar da yake son magancewa. Bayan karatu na farko sai a miƙa shi ga kwamiti. A nan ne ake aikin gaske, babu tafi. Kwamiti yakan karɓi ra'ayin jama'a a rubuce, ya kawo rahoto. A karatu na biyu a yi muhawara kan manufar ƙudurin, sannan a bi shi sashe-sashe, kowane ɗan majalisa yana da damar cewa a cire wannan kalma, a sa waccan. Bayan karatu na uku sai teburin shugaban ƙasa. In ya ƙi sa hannu, majalisa tana iya tilasta shi da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na 'ya'yanta.

Wani zai ce, mutum ɗaya cikin 276 me zai canza? A tuna da majalisa ta takwas. Zaɓen 2020 ya bai wa NPP kujera 137, NDC ma 137, ga ɗan takara mai zaman kansa guda daga Fomena. A wannan zauren aka zaɓi Alban Bagbin na jam'iyyar adawa ya zama kakaki. A nan kuma aka bai wa hammata iska a Disamban 2021 kan harajin E-Levy, aka zartar da shi a Maris 2022 kan kashi 1.5 cikin ɗari bayan 'yan adawa sun fice. Duk mai waina ko mai koko da ke tura kuɗi ta momo ta ji a jikinta, har sabuwar majalisa ta soke harajin a 2025. A shekarun nan, ɗan majalisa ɗaya in ya yi tafiya, lissafin ƙasa gaba ɗaya sai ya rikice.

Sai dai a yi musu adalci, hannunsu a ɗaure yake ta wani ɓangaren. Sashe na 108 ya hana majalisa duba ƙudurin da zai ɗora haraji ko ya ci kuɗin baitulmali, sai in daga shugaban ƙasa ya fito. Sashe na 78 kuma ya ce mafi yawan ministoci daga cikin majalisa za a ɗauko su. To, wanda ke hangen kujerar minista, yaya zai tsare gwamnatinsa da tambaya? Duk da haka, mai niyya yana samun ƙofa. Francis-Xavier Sosu, wakilin Madina, shi ya kawo ƙudurin cire hukuncin kisa daga dokar manyan laifuka, majalisa ta zartar a Yulin 2023. Ko ka yarda da ra'ayinsa ko ba ka yarda ba, ya nuna cewa ɗan majalisa da ba minista ba yana iya taɓa littafin doka.

Mu fa, me muke da shi a wannan zauren? Da yawa. Asusun Raya Zango doka ce ta kafa shi a 2017, kuma duk shekara majalisa ce ke amincewa da abin da za a ware masa. Wa ya taɓa tambayar wakilinsa nawa aka ware, nawa aka saki? Ga kuma dokar rajistar auren Musulmi, wadda Turawan mulkin mallaka suka kafa tun 1907, tana cewa a yi rajista cikin mako guda da ɗaurin aure. Ku duba gidajenmu, aure nawa ne aka yi wa haka? Ranar da maigida ya rasu, rigimar gado ta kai kotu, matar da ta shekara ashirin a ɗakinta ita za a ce ta kawo hujja. Buhun shinkafar azumi ba zai gyara wannan ba, sai gyaran doka.

Ban ce a daina neman taimako ba. Ɗan majalisa yana da ɗan kasonsa a asusun gundumomi, kuma haƙƙinmu ne mu san inda ya shiga. Amma kwata da titin unguwa aikin majalisar gunduma ne da ma'aikatu. In muka mai da wakilinmu ɗan kwangila da mai rabon ambulan, kada mu yi mamaki in ya koma neman inda zai mai da gurbin abin da ya kashe.

Duk abin da aka faɗa a zauren ana rubuta shi a kundin muhawara, ana kuma nuna zaman kai tsaye a talabijin da Facebook. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2019 ta ba kowa damar tambaya a rubuce. Don haka in Onarabul ya zo zango, a tarbe shi da mutunci, a ba shi wurin zama, sannan sarakuna da malamai da matasa su tambaye shi: Ranka ya daɗe, a wane kwamiti kake? Wace tambaya ka yi wa minista a bana? Ina matsayinka kan dokar aurenmu? Wanda ya yi aikin zai amsa ba tare da kame-kame ba.