Ɗaukar hoton kwazazzabai da hasken safiya a lokacin kaka

Ɗaukar hoton kwazazzabai da hasken safiya wani reshe ne na ɗaukar hoton shimfiɗar ƙasa, wato hoton da ake yi wa duwatsu da koguna da dazuzzuka su kansu. Kwazazzabo kwari ne matsattse mai tsayayyun bangaye, wanda ruwa ya sassaƙa cikin dutse ko ƙasa a hankali. Masu ɗaukar hoto suna son irin wannan wuri saboda yana tara abubuwa uku a ƙaramin fili: dutse, ruwa da itatuwa. A Turai da Arewacin Amurka an fi yin wannan hoto a watannin Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganye ke rikiɗewa ya koma ja da rawaya. A arewacin Najeriya ma ana kiran waɗannan watanni kaka, amma launin da daji ke ɗauka da irin hasken da ake samu sun sha bamban da na can. Ƙasar Zuru, a kudu maso gabashin jihar Kebbi, misali ce mai kyau ta wannan bambanci.

Tarihi

Tun daga farkon ƙirƙiro kyamara ake ɗaukar hoton waje, domin a lokacin sai an daɗe ana shigar da haske kafin hoto ya kama, kuma dutse ba ya motsi. A shekarar 1861 Carleton Watkins ya ɗauki manyan hotuna na kwarin Yosemite a jihar Kalifoniya ta Amurka. Hotunan suna cikin abubuwan da suka ja hankalin mahukunta, har Shugaba Abraham Lincoln ya sa hannu a dokar kare kwarin a 1864. Ansel Adams (1902–1984) ya yi suna da hotunan baƙi da fari na wannan kwari. Eliot Porter (1901–1990) kuwa ya karkata ga hoto mai launi, yana ɗaukar ƙananan sassa na daji, kamar ganyen da ya faɗi a kan jiƙaƙƙen dutse. A 1963 aka buga littafinsa na hotunan kwazazzabon Glen, wanda ruwan madatsa ya shanye daga baya.

Wani shahararren hoto a wannan fanni shi ne wanda Peter Dombrovskis (1945–1996) ya ɗauka da sassafe a wata kwana ta kogin Franklin da ke tsibirin Tasmaniya a Ostareliya, hazo na tashi tsakanin bangayen dutse. An buga shi a jaridu gab da zaɓen ƙasar na watan Maris 1983, don adawa da madatsar ruwan da za ta nutsar da wurin. A watan Yuli na wannan shekara babbar kotun ƙasar ta yanke hukuncin da ya tsayar da aikin.

Kaka a ƙasar Zuru

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Danko/Wasagu, Fakai da Sakaba. Ƙasa ce mai tsaunuka da duwatsu, ta fi arewacin jihar samun ruwan sama da yawan itatuwa. Lelna, waɗanda Hausawa ke kira Dakarkari, sun daɗe suna zaune a kan waɗannan tsaunuka da gindinsu. Kwazazzaban yankin ba su kai zurfin na Amurka ba. Yawancinsu hanyoyin rafuka ne da suka ratsa tsakanin duwatsu, da kurmi a gefensu.

A ƙasashen sanyi, gajartar rana da sanyin dare ne ke sa bishiya ta daina yin sinadarin da ke ba ganye launin kore. Idan koren ya gushe sai rawayar da ke ɓoye a ƙarƙashinsa ta bayyana, wasu itatuwan kuma su ƙera jan launi sabo. Daji guda kan sauya kama cikin 'yan makonni. A ƙasar Zuru ƙarancin ruwa ne ke zubar da ganye, kuma kowace bishiya da nata lokacin. Damina kan ɗauke a watan Oktoba. Ciyawa ce ke fara juyawa: gamba da sauran dogayen ciyayi su koma ruwan zinariya, karan dawa da gero a gonaki su bushe. Kuka takan zubar da ganye da wuri ta tsaya tsirara. Gawo yana yin akasin sauran, domin da rani yake fitar da ganye. Gurjiya takan yi jajayen furanni bayan ta zubar da ganyenta. Jan ganyen da ake gani a doka da maje kuwa sabon toho ne, yana zuwa ne can cikin rani, ba alamar faɗuwar ganye ba ne kamar na Turai.

A cikin kwazazzabo, inda laima ke daɗewa, kanya da maɗaci da ɓaure sukan riƙe korensu bayan tudu ya bushe. Don haka hoton kaka na wannan yanki hoto ne na kore mai duhu a ƙasa, rawayar ciyawa a gangare, da ruwan tokar dutse a sama. Mai ɗaukar hoton da ya ƙara jan launi a kwamfuta don hotonsa ya yi kama da na Kanada ya ɓata abin da ya bambanta wurin, kuma hoton ba zai yi amfani ga mai nazarin tsirrai ba.

Lokacin da ya fi dacewa gajere ne, daga ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba. A wannan tsakani rafuka ba su ƙafe ba, ruwan sama ya wanke iska, raɓa tana sauka da asuba. Bayan haka hunturu ke shigowa da ƙurar Sahara, wadda mai yawa daga cikinta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, kuma ana fara ƙona daji. Ƙurar tana dusashe launi, ta mayar da rana farin faifai. Wasu masu hoto suna son haka, domin tsaunuka kan jeru a hoto kowane ya fi na gabansa dishi-dishi, abin da ke nuna nisa sarai.

Hasken safiya

Idan rana tana kusa da gefen sama, haskenta yana ratsa iska mai kauri kafin ya iso ƙasa. Iskar tana watsar da shuɗin da ke cikinsa, sai ja da ruwan goro su rage. Hasken yana zuwa ne daga gefe, don haka kowane tsagi na dutse da kowane ɓawon itace yakan yi inuwa, a ga kaushinsa. Da tsakar rana hasken kan sauko daga sama ya shafe wannan duka.

Zuru tana wajen digiri 11 arewa da layin da ya raba duniya biyu, kuma a irin wannan wuri rana tana hawa kusan a miƙe. A watan Nuwamba takan fito wajen ƙarfe shida da rabi, kuma jan hasken ba ya wuce kimanin rabin sa'a. A Landan, cikin wannan wata, yakan kusa ninka haka. Wanda ya iso wurin bayan fitowar rana ya makara, shi ya sa masu wannan aiki kan je su duba wurin tun jiya, su zaɓi inda za su tsaya.

Fuskar da kwazazzabo ya dosa tana da muhimmanci. A Nuwamba rana tana fitowa ne ta gabas, ta ɗan karkata kudu. Kwazazzabon da ya miƙe gabas da yamma yakan sami haske har cikinsa tun da wuri. Wanda ya miƙe kudu da arewa kuwa, bangonsa na yamma ne kawai ke haskakawa, gindin ya zauna cikin inuwa mai shuɗi-shuɗi. Sau da yawa wannan na biyun ya fi ba da hoto mai kyau, saboda bangon da rana ta buga yakan mayar da haske mai laushi zuwa ƙasa, launinsa kuma ya bayyana a fuskar ruwa.

Dabarun ɗauka

Babbar matsalar ita ce tazarar da ke tsakanin haske da duhu. Idon mutum yana iya ganin bakin dutse mai haske da gindin kurmi mai duhu a lokaci guda, amma kyamara takan rasa ɗaya: ko sama ta ƙone ta yi fari fat, ko ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Hanya mafi sauƙi ita ce a cire sararin sama daga hoton gaba ɗaya, kamar yadda Porter yakan yi. Wata hanyar ita ce a ɗauki hoto uku ko fiye a tsaye guda, ɗaya mai duhu, ɗaya matsakaici, ɗaya mai haske, a haɗe su daga baya. Wayoyin zamani suna yin wannan da kansu a tsarin da ake kira HDR. Mai amfani da waya yana iya taɓa wuri mafi haske a allo don kyamarar ta auna da shi, domin ya fi sauƙi a farfaɗo da inuwa a kan a dawo da abin da haske ya ƙone.

Da yake gindin kwazazzabo duhu gare shi, ana ɗora kyamara a kan abin tsayarwa mai ƙafa uku, ko a kan dutse idan babu. Ana tsuke ramin shigar haske zuwa f/8 ko f/11 don na kusa da na nesa su fito tangaran, a bar ISO a ƙasa, kamar 100. Idan aka bar ƙofar haske a buɗe na rabin daƙiƙa zuwa daƙiƙa biyu, ruwa mai gudu yakan fito sumul kamar auduga. Iska ce ke ɓata wannan, don ganye ma zai motsa, kuma da asuba iska ta fi kwanciya. Akwai gilashin tace haske da ake murɗawa a gaban kyamara, wanda ke kashe ƙyallin jiƙaƙƙen ganye da dutse ya fito da ainihin launinsu. Da hunturu ba a son cire gilashin kyamara a fili, don ƙura takan shiga ciki ta bar ɗigo a kowane hoto.

Izini da kariya

Wasu kurmi da duwatsu a ƙasar Zuru wurare ne na al'ada. Girmache, kurmi mai ruwa da kadoji a kusa da garin Zuru, yana cikinsu, kuma ba a shiga irin waɗannan wurare ko a ɗauki hotonsu sai da yardar masu kula da su. Haka ma gonaki, musamman lokacin girbi, kafin bikin Uhola da ake yi bayan an kai amfanin gona gida. A ƙauye, ta hannun mai gari ake neman izini da ɗan rakiya.

Sassan masarautar, musamman Danko/Wasagu da Sakaba, sun yi fama da hare-haren 'yan bindiga a shekarun baya-bayan nan, don haka fita daji da asuba yana bukatar shawarar mutanen wurin da jami'an tsaro. Tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya ta wajabta neman izini kafin a tashi jirgi marar matuƙi, har da na ɗaukar hoto. Kaka kuma lokaci ne da macizai irin su kububuwa da kasa ke yawa cikin ciyawa, jiƙaƙƙen dutse kuma yana da santsi.

Amfani ga nazari

Saran itace don gawayi da makamashi da faɗaɗa gonaki suna rage kurmin bakin rafuka a faɗin arewacin Najeriya. Hoton da aka ɗauka a wuri guda, a wata guda, shekara bayan shekara, yakan nuna itatuwan da suka ɓace da yadda zaizayar ƙasa ke cin gaɓa. Ɗaliban gandun daji da na noma, irin na Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da aka kafa a Zuru a 2020, suna iya amfani da irin wannan jerin hotuna. Sharaɗin shi ne a rubuta ranar ɗauka, da sa'a, da sunan wurin kamar yadda mutanen yankin ke kiransa, da fuskar da kyamara ta dosa.