Idan Kwamfutocin Gida Suka Daina Magana da Juna

Sau da yawa akan sami kwamfuta biyu a ɗaki guda, tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce taku uku ba, kowace tana buɗe shafukan intanet na Amurka da Japan cikin ƙiftawar ido, amma da an ce wannan ta miƙa wa waccan takarda ɗaya sai abin ya faskara. Wannan matsala ta zama ruwan dare a gidaje da ƙananan ofisoshi da ɗakunan kwamfuta na makarantu. Malami ya kammala tambayoyin jarrabawa a kwamfutarsa, na'urar buga takardu kuwa tana haɗe da wata kwamfutar a ɗaki na gaba, gobe da safe ɗalibai za su zauna, ga shi na'urorin sun ƙi ganin juna.

Abin da akasarin mutane suke yi a irin wannan hali shi ne su taɓa komai a lokaci guda. A canja waya, a sauya saituna, a kashe tsaro, daga bisani a yanke hukunci cewa rauta ce ta lalace, a tafi kasuwa a sayo sabuwa. Ko da an dace abin ya gyaru, ba wanda zai iya faɗin abin da ya gyara shi, saboda haka ranar da ya dawo sai a sake komawa gidan jiya. Duk ɗalibin da ya taɓa gwajin tsirar wake a ɗakin gwaje-gwaje ya san ƙa'idar da ta hana wannan: abu ɗaya ake sauyawa, ko ruwa ko haske ko zafi, a bar sauran yadda suke, sa'an nan a dubi sakamako. Da wannan ƙa'ida ce ake binciken hanyar sadarwa, kuma daga ƙasa ake farawa a yi sama, domin kowane mataki a kan na ƙarƙashinsa ya dogara.

Waya da iska

Matakin ƙasa shi ne abin da hannu yake iya taɓawa. Tsarin haɗa kwamfutoci da waya da ake kira Ethernet ya samo asali ne a shekarar 1973 a cibiyar bincike ta kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, inda Robert Metcalfe da David Boggs suka yi aikinsa. Wayar da ake amfani da ita a yau tana ɗauke da siraran wayoyi takwas a cikinta, an murɗe su bibbiyu domin rage hayaniyar lantarki, kuma ba a so tsawonta ya haura mita 100. A bakin ramin da ake soka ta akwai 'yar fitila. In fitilar ba ta kama ba, babu amfanin buɗe wani saiti a cikin kwamfuta. Sai a gwada wata wayar da aka tabbatar tana aiki, ko wani ramin a jikin rauta. Kada kuma a manta da ɓera. Haƙoransa na gaba ba sa daina tsiro har ya mutu, don haka dole ya yi ta gaigayar abubuwa domin ya rage musu tsawo, kuma wayar da aka bi da ita ta cikin silin tana daga cikin abin da ya fi samu. Wani lokaci siririyar waya ɗaya kawai yake yankewa daga cikin takwas ɗin, sai haɗin ya ci gaba da aiki amma da saurin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na yadda ya kamata ba.

Wi-Fi kuwa igiyar rediyo ce, galibi a kan zango na 2.4 ko na 5 gigahaz. Ruwa yana shanye wani ɓangare na irin wannan igiya, ƙarfe kuma yana mayar da ita baya. Ke nan tankin ruwa da ƙofar ƙarfe da bangon kankare mai rodi duk suna raunana ta, har ma da jikin mutane, tun da wajen kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne. Zango na 5 ya fi sauri, amma na 2.4 ya fi ratsa bango.

Adireshi da unguwa

A nan ne yawancin cutar take, don haka ya kamata a tsaya a kai sosai. Harshen da kwamfutoci suke magana da shi sunansa TCP/IP. Vinton Cerf da Robert Kahn ne suka bayyana tushensa a 1974, kuma ranar 1 ga Janairu, 1983, hanyar sadarwa ta ARPANET, wadda ita ce kakar intanet, ta koma kansa baki ɗaya. A wannan tsari kowace na'ura tana da adireshi na lambobi huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowace lamba daga 0 zuwa 255, alal misali 192.168.1.20. Akwai sabon tsarin adireshi mai tsawo da ake kira IPv6, amma a cikin gidaje har yanzu wannan na lambobi huɗu shi aka fi cin karo da shi wajen gyara.

Adireshin kashi biyu ne, wato sunan unguwa da lambar gida. Abin da yake nuna inda iyakar take wata lamba ce da take tafiya tare da shi, wadda a gidaje galibi 255.255.255.0 ce. Ma'anarta ita ce lambobi uku na farko su ne unguwa, ta huɗu ita ce gida. To, kwamfuta ba ta magana kai tsaye sai da 'yar unguwarsu. In wadda take nema a wata unguwa take, sai ta miƙa saƙon ga rauta, domin ita ce ƙofar fita. Saboda haka 192.168.1.20 da 192.168.1.35 maƙwabta ne, amma 192.168.1.20 da 192.168.8.35 baƙin juna ne, ko da a kan tebur ɗaya suke.

Yaya za a yi na'urori biyu a gida ɗaya su faɗa unguwa daban? Abu ne mai sauƙi. Wata tana haɗe da rautar gida, ɗayar kuma ta kama 'yar ƙaramar na'urar intanet ta aljihu, ko wayar hannun wani yaro da ke raba intanet. Ko kuma an jona rauta ta biyu a bayan ta farko domin a ƙara wa Wi-Fi nisa, ita kuma ta kafa tata unguwar tana rabon nata adireshin. Duk na'urorin za su shiga intanet lami lafiya, shi ya sa mai gida ba ya zargin komai. Maganin wannan na biyu shi ne a hana rauta ta biyu rabon adireshi, a mayar da ita 'yar rakiya kawai.

A kwamfuta mai Windows ana ganin adireshi ne ta buɗe baƙin allon umarni a rubuta ipconfig. A duba na wannan, a duba na waccan, a rubuta su a takarda a kwatanta. Akwai alama guda da ya kamata kowane ɗalibi ya haddace: in adireshi ya fara da 169.254, to kwamfutar ce ta raɗa wa kanta shi. A ƙa'ida rauta ce take aikin mai unguwa, tana ba kowace na'urar da ta shigo aron adireshi na wani ƙayyadadden lokaci, ta tsarin da ake kira DHCP. Kwamfutar da ta yi sallama ba a amsa mata ba ita ce take ɗaukar 169.254. Ganin wannan lamba yana nufin a koma baya a duba waya, ko Wi-Fi, ko ita rautar kanta.

Kukan jemage

Jemagu masu cin ƙwari suna fitar da wani siririn kuka da kunnen mutum ba ya ji, su saurari amsa-kuwwarsa, da haka suke sanin akwai abu a gabansu da kuma nisansa. Jiragen ruwa ma suna da na'urar da take yin haka a ƙarƙashin teku. Daga ƙarar wannan na'ura ce Mike Muuss, wani ma'aikacin cibiyar binciken sojan Amurka, ya samo sunan ɗan ƙaramin shirin da ya rubuta a watan Disamba na 1983, wato ping. Aikinsa kawai shi ne ya jefa ɗan saƙo ga wata na'ura ya jira ta mayar, ya kuma auna lokacin da aka ɗauka. Da wuya a sami kayan aikin da ya kai shi amfani duk da ƙanƙantarsa.

Amfaninsa yana cikin bin tsari ne, kamar yadda likita yake bin jijiya daga yatsa zuwa laka yana neman inda saƙo ya tsaya. Da farko a rubuta ping 127.0.0.1. Wannan adireshi ne na musamman da kowace kwamfuta take kiran kanta da shi, saƙon ba ya ko fita waje. In an amsa, tsarin sadarwar da ke cikin kwamfutar lafiya yake. Sa'an nan a kira adireshin rauta, wanda ipconfig yake nunawa a matsayin ƙofar fita. In ta amsa, waya ko Wi-Fi ba su da laifi. Daga nan a kira ɗaya kwamfutar da lambarta. Inda amsa ta fara yankewa, a nan ciwon yake. A cikin gida, ta waya, amsa takan dawo cikin kusan kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. In ana ganin ɗaruruwa, ko wasu saƙonnin suna ɓacewa a hanya, akasari raunin Wi-Fi ne.

Rashin amsa ma iri biyu ne, kuma bambancinsu yana da muhimmanci. Kafin kwamfuta ta aika wa maƙwabciyarta komai, sai ta yi shela a unguwa tana tambayar wa yake da wannan adireshi, ita kuma mai shi ta amsa da lambar da aka buga wa katin sadarwarta tun daga masana'anta. In ba wanda ya amsa shelar, Windows takan rubuta "Destination host unreachable", wato ba a sami mai gidan ba. Ko dai na'urar a kashe take, ko tana barci, ko adireshinta ya canja. Wani abin da yake ruɗa masu koyo shi ne layin yana farawa da kalmar da ke nuna an sami amsa, alhali kwamfutar mai tambaya ce take ba kanta labari. A dubi adireshin da ke layin, za a ga nata ne. Amma in aka ga "Request timed out" tsakanin maƙwabta biyu, wato lokacin jira ya ƙare, mafi yawan lokuta mai gidan yana nan, ya amsa shela, ya dai ƙi buɗe ƙofa. Ana iya tabbatar da haka da umarnin arp -a, wanda yake jera maƙwabtan da suka amsa shela.

Ganuwa da ƙofofinta

Abin da yake hana buɗe ƙofar shi ne ganuwar tsaro. Kamar ganuwar birni, tana da ƙofofi masu lamba, kowace hidima da tata. Raba fayil a Windows, alal misali, ta ƙofa mai lamba 445 yake bi. Duk lokacin da aka haɗa kwamfuta da sabuwar hanyar sadarwa, Windows tana sanya ta cikin ɗayan rukuni biyu, ko ta jama'a ko ta gida. In ta ɗauke ta a matsayin ta jama'a, kamar ta otal ko filin jirgi, sai ta ɓoye kanta, ta ƙi raba fayil, ta ƙi amsa ping. Sauya wannan saiti guda zuwa na gida, tare da kunna gano na'urori da raba fayil, yana warware wani babban kaso na matsalolin da ake sayen sabuwar rauta dominsu. Ita ma rauta tana da nata irin shingen. Wi-Fi na baƙi da yawancin rautoci suke bayarwa an tsara shi ne da gangan domin kowa ya shiga intanet amma kada ya ga sauran na'urorin gida.

Akwai wata shawara da ake yawan bayarwa, cewa a kashe ganuwar baki ɗaya a huta. Kashe ta na minti biyu domin gwaji ba laifi ba ne, a kunna ta da zarar an ga sakamako. Barin ta a kashe kuwa ganganci ne. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu zuwa ƙasashe kimanin 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman kuɗin fansa, har ta sa asibitoci da dama a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Ta wannan ƙofa ta 445 ta riƙa tsallakawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta, tana amfani da wata ɓaraka a tsohon tsarin raba fayil da ake kira SMB1. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Tun daga ƙarshen wannan shekarar Microsoft ta fara fitar da Windows 10 ba tare da barin wannan tsohon tsari a buɗe ba, shi ya sa sabuwar kwamfuta takan ƙi ganin wata tsohuwa mai Windows XP ko wata tsohuwar ma'ajiyar fayil. Ana iya mayar da SMB1 da hannu, amma duk wanda ya yi haka a ɗakin kwamfutar makaranta, inda sakamakon ɗalibai yake ajiye, ya sake buɗe tsagar da aka toshe. Gara a kwashe fayilolin da filashi, a yi wa tsohuwar na'urar ritaya daga hanyar sadarwa. Haka nan wanda yake neman HomeGroup domin ya ga an ambace shi a wani tsohon bayani zai sha wahalar banza, domin an cire shi daga Windows 10 tun 2018.

In ping da lamba yana aiki amma kiran kwamfuta da sunanta ba ya yi, to hanya lafiya take, fassara suna zuwa lamba ce ta sami cikas. Kafin a gyara, ana iya rubuta lambar kai tsaye a wurin sunan a ci gaba da aiki.

Saura matsala ɗaya da ta fi damun wuraren da wutar lantarki take yawan ɗaukewa. Na'urar buga takardu tana aiki jiya, an ɗauke wuta da dare, yau kwamfutoci sun ce ba su san ta ba. Dalili shi ne adireshin aro ne. Da wuta ta dawo, wasu rautocin sukan manta wanda suka ba wace lamba, su sake rabo bisa wanda ya riga yin sallama. Na'urar da take 192.168.1.35 jiya ta koma 192.168.1.22, lambarta ta dā kuma tana hannun wayar wani, su kuwa kwamfutoci suna ta ƙwanƙwasa tsohon gida. Kusan kowace rauta tana da shafin da ake keɓe wa na'ura adireshi na dindindin ta hanyar ɗaure shi da lambar katin sadarwarta. A keɓe wa na'urar buga takardu nata, a keɓe wa kwamfutar da ake ajiye fayiloli nata, a rubuta lambobin a 'yar takarda a manna a jikin rauta.