Daga Sekondi Zuwa Cape Coast a Kan Keke: Yadda Ake Tsara Wuni Guda a Gaɓar Tekun Ghana

Yau za mu ɗan leƙa ƙasar Ghana, gaɓar tekun nan da ke cike da tsofaffin sansanonin Turawa inda aka tsare bayi. Zan yi muku bayanin yadda ake tsara tafiyar wuni guda a kan keke daga Sekondi zuwa Cape Coast. Sau biyu na gwada wannan hanya. Na farko na sha kashi, na biyu na kai lafiya, kuma keke ɗaya ne, ƙafafun ma su ne dai.

Bari in fara da karon farko. Na tashi daga Cape Coast wajen ƙarfe 9 na safe na nufi yamma, na tsaya a Elmina na daɗe a can, ban fito ba sai bayan Azahar. Ina hawa babban titi iska ta fara dukan ƙirjina. Ina taka feda kamar ana jan keken baya. Magariba ta riske ni kusa da gadar Beposo, ba fitila, tireloli da tankokin mai suna wucewa ta gefen kunnena. Wallahi na tsorata. Ƙarshe dai a kan rufin motar haya, wadda suke kira toroto, aka ɗaure keken. Laifin nawa ne, kilomita kawai na lissafa, ban lissafa awanni ba.

To, abu na farko shi ne inda za ka fuskanta. A wannan gaɓa, yawancin shekara iska daga kudu maso yamma take kaɗawa, daga kan teku, kuma da rana ta take sai ta ƙara ƙarfi. In ka nufi yamma, da ita za ka yi ta kokawa. In ka taso daga Sekondi ka nufi gabas, tana bayanka tana tura ka. Shi ya sa a karo na biyu na kwana a Sekondi. Wannan shawara kaɗai ta rage min rabin wahala.

Na biyu, lissafin rana. Nan kusa ake da tsakiyar duniya, don haka rana tana fitowa wajen ƙarfe 6, ta faɗi wajen ƙarfe 6, kuma duhu ba ya jira. Awa 12 ke gare ka. Tsakanin Sekondi-Takoradi da Cape Coast kusan kilomita 80 ne a babban titin da ake kira N1. Amma garuruwan tarihin irin su Shama da Komenda ba a bakin titin suke ba, sai ka ratse zuwa bakin teku ka sake dawowa. In ka haɗa da waɗannan, tafiyar za ta doshi kilomita 100. Mai keke da kaya a kariya, ga hawa da gangara, ya ɗauka kilomita 15 yake ci a awa. Kun ga awa bakwai ke nan a kan sirdi. Saura biyar. A cikin biyar ɗin nan ne za ka ci abinci, ka yi salla, ka huta, ka yi faci in taya ta sace, ka kuma ga abin da ya kawo ka. Daga faɗuwar rana za ka fara lissafi ka yo baya.

Yanzu mu bi hanyar. Ina idar da Asuba na sha kokon da suke kira Hausa koko da ƙosai, gari na soma wayewa na hau. Sekondi tana da nata sansanin, Fort Orange, na Turawan Holan, amma daga waje na kalle shi na wuce. Zangon farko Shama, inda kogin Pra yake shiga teku. A nan akwai Fort San Sebastian da Turawan Fotugal suka gina, kuma a nan kabarin Anton Wilhelm Amo yake. Wannan mutum an tafi da shi Jamus yana yaro, ya yi digirin digirgir a Wittenberg a 1734, ya koyar da falsafa a jami'o'in Halle da Jena, daga baya ya dawo gida. Minti 30 na ba wurin, na duba agogo na juya.

Daga nan dole ka koma babban titi don ka ƙetare Pra ta gadar Beposo. Nan ne wurin da ya fi haɗari, domin manyan motocin tashar jiragen ruwa ta Takoradi ta nan suke bi. A Ghana dama ake bi kamar a gida, to ka manne a gefenka, ka sa riga mai haske da hular kwano, kada ka toshe kunne da waƙa. Burinka ka gama da wannan yanki kafin rana ta take.

Komenda ita ce abin da nake kira zangon zaɓi. Akwai ragowar sansanoni biyu, na Ingila da na Holan, suna kallon juna, tun lokacin da suke rikici kan wa zai mallaki cinikin wurin. Dokar da na kafa wa kaina ita ce, in ƙarfe 11 ta yi ban iso mararrabar Komenda ba, to na haƙura da ita. Kowace doguwar tafiya tana bukatar irin wannan doka, kuma tun da daddare za ka yanke ta, domin mai gajiya ba ya yanke shawara mai kyau.

Sai Elmina, kuma a nan nake so ku saurara. Turawan Fotugal ne suka gina wannan sansani a 1482, Holan suka ƙwace shi a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. A nan Ingila ta tsare Sarkin Asante Prempeh na ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Tun 1979 hukumar UNESCO ta sa waɗannan sansanoni cikin wuraren tarihi na duniya. Mai yi wa baƙi jagora zai shiga da ku ɗakunan ƙasa inda aka cusa maza da mata, ba iska, ba haske, sannan ya nuna muku 'yar siririyar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi. Daga cikin mutanen nan akwai waɗanda aka koro daga can arewa mai nisa. In ka fito daga wurin nan, jikinka sanyi yake yi. Ba za ka iya ɗare keke nan take kamar ba abin da ya faru ba. Wannan shi ne abin da taswira ba ta nuna min ba a karon farko. Ka ware wa Elmina awa biyu cur: zagayen, da zaman shiru a bakin ruwa, da Azahar a masallacin zango, inda za ka ji Hausa raɗau, da farantin shinkafa da wake, wanda su ma waakye suke ce masa.

Saboda haka shawarata, sansani ɗaya za ka shiga a wuni. Na Cape Coast, wanda Barack Obama ya ziyarta a 2009, ka bar shi sai washegari da safe. Da ma tun kafin ƙarfe 5 ake rufewa, kuma wurin ya fi ƙarfin a zaga shi a guje. Daga Elmina zuwa Cape Coast kusan kilomita 12 ne, teku a damanka, itatuwan kwakwa a jere. Shi ne ladan wunin, ka taka a hankali.

Kayan tafiya kuwa ba su da yawa: famfo, kayan faci, robar cikin taya guda biyu, sipana, fitilar gaba da ta baya ko da ba ka shirya yin dare ba. Ka duba birki da sarƙa tun jiya, kuma bayan tafiya ka goge keken ka sa mai, don iskar gishiri tana cin ƙarfe. Ruwa kada ka jira ƙishi. Zafin can mai gumi ne, ba irin namu na arewa ba, za ka jiƙe sharkaf ba ka san ruwan jikinka na ƙarewa ba. Fiya wata da ruwan kwakwa suna ko'ina a hanya, ka kuma riƙe ƙullin gishiri da sukari. Ka canza kuɗinka zuwa ƙananan sidi. Ka guji watan Mayu da Yuni, lokacin ne ruwan sama ya fi tsanani. Sannan ka gaya wa wani hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka.

A karo na biyun, ƙarfe 5 saura na shiga Cape Coast, na jingine keke, na yi La'asar, na zauna ina kallon masunta suna jawo kwale-kwalensu.