Sabon Fenti Ba Gyara Ba Ne: Shawara Ga Mai Sayen Tsohuwar Mota

Bayan kaka, manoma da ƙungiyoyin gama kai sukan nemi motar kai amfanin gona kasuwa. Da yawa sun fi son tsohuwar Peugeot 504 akori-kura ko Land Rover, domin suna jure hanyar ƙauye. An fara ƙera 504 a Faransa a 1968, a 1975 kuma aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna. Land Rover ta fito a Ingila tun 1948. Wato motar da za a nuna muku ta daɗe tana aiki. Dillali zai ce, "An gyara ta kaf, ta koma sabuwa." Kada ku yi cinikin biri a sama. Gani ya kori ji.

Jikin mota

Ku je da rana tsaka, kada ku je da magariba ko bayan ruwan sama, gama jiƙaƙƙen fenti yana ɓoye aibi. Ku tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Masu gyaran jikin mota sukan cike wurin da ya lotsa ko ya ruɓe da wani kwaɓi, su goge, su fesa fenti. Maganaɗisu yana kama ƙarfe, amma inda kwaɓin ya yi kauri sai ya faɗi. Ku gwada gindin ƙofofi da kewayen tayoyi. Wannan dabara ba ta aiki a jikin tsohuwar Land Rover, domin yawancinsa alminiyon ne. Amma shasinta ƙarfe ne, can tsatsa take ci.

Ku ɗaga shimfiɗar ƙasa ku duba. Ku shiga ƙarƙashin motar da tocila, ku ƙwanƙwasa shasi da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara, ruɓaɓɓe kuwa sai ya yi shiru ko ya zubo da gari. In kun ga an shafe ƙarƙashin da sabon baƙin fenti mai kauri, ku tambayi abin da aka rufe. Shasin da ya karye aka yi masa walda ba ya daɗewa da buhunan masara a kansa.

Injin

Ku ce kada a tayar da injin sai kun zo. Ku taɓa shi ku ji ko da sanyi, gama injin da ya ɗumama yana ɓoye wuyar tashi. Sa'an nan ku dubi hayaƙi. Shuɗi yana nuna injin yana ƙona baƙin mai. Farin da bai daina ba bayan injin ya yi zafi, ruwa ne yake shiga inda bai kamata ba. Ku buɗe murfin baƙin mai. In kun ga kamar shayi mai madara, mai yiwuwa ruwa ya gauraya da man. Ku tuƙa ta a hanyar gargada da hawa, ku gwada kowace giya da birki.

Maganar mai sayarwa

In ya ce an sauke injin an sabunta, ku nemi rasit na kayan da aka saya, da sunan bakaniken da ya yi aikin, ku je ku tambaye shi. In ya ce motar ba ta yi tafiya da yawa ba, ku tuna agogon kilomita na tsofaffin motoci da yawa lamba biyar ne. In ya wuce 99,999 sai ya koma sifiri. Cinyewar robar abin taka birki da ta kuloci ta fi agogo faɗin gaskiya.

Lambar shasi da ta injin dole su yi daidai da na takarda. In akwai alamar an kankare lamba, ku bar motar ko da araha ce, don kada ku sayi kayan sata.

Ku tafi da bakanikenku, ba na mai sayarwa ba. Ku rubuta yarjejeniya gaban shaidu kafin ku biya. Ku kuma rage wani abu cikin kuɗin domin taya da batir, gama tsohuwar mota ba ta rasa abin gyara a watan farko.