Mun ci fiza a Kano, mun tarar da albasar gida a kanta

Kwanan baya tafiya ta kama mu daga Badagishiri zuwa Kano. Muka bi ta Tsarnawa da Ƙonni, muka tsallaka Illelar Najeriya, iyakar da aka rufe a 2023 aka sake buɗewa a 2024. A motar muka haɗu da wata Hajiya mai fataucin busasshen tumati, kuma ita muka ja zuwa wani shagon fiza, irin na kamfanonin nan masu rassa a birane da yawa.

Ga wanda bai taɓa gani ba, fiza gurasar alkama ce mai faɗin faifai. A shafa mata miyar tumati, a barbaɗa cuku da albasa da nama, a gasa a tanderu mai zafin gaske. Asalinta garin Napoli ne na ƙasar Italiya, har UNESCO ta sa sana'ar masu gasa ta na can cikin al'adun duniya a 2017. A Najeriya kuwa, kamfanin Domino's na Amurka ya buɗe shagonsa na farko a Legas a 2012.

Daɗi dai akwai shi, in da zafinta. In ta huce, cukun ya koma kamar danƙo, kuma yaji bai ji ba ko kaɗan. Amma kuɗin ne ya tsaya wa Hajiya a rai. Ta ɗaga yanki ɗaya, ta ƙirga abin da ke kai, ta ce mana: "Ɗana, tumatin da ke nan bai kai kashi guda ba, albasar ko ɗaya ba ta cika ba. Wannan kuɗin na mene ne?"

Tambayar tata muka kwana da ita. Kusan duk kayan haɗin nan yankinmu na da su. Albasar Galmi ta yi suna har bakin teku, tumati na Dogerawa, ana noma alkama a fadamar Ƙonni, makiyayan jihar Tawa na kawo cuku, ko da yake namu busasshe ne, ba ya narkewa irin nasu. Sai dai lokacin da kaya suka yi yawa, kowa ya san yadda kwandon tumati ke faɗuwa a kasuwar Badagishiri, mai shi ta sayar da asara don kada ya ruɓe a hannunta.

Mun zauna mun lura da aikinsu. Komai a kan ma'auni yake, ƙullun ma sai an auna. Farashi a rubuce yake a bango, ba tayi, ba ragi, ba bashi. Wadda aka ci a wannan reshe ita za a ci a wancan, shi ya sa baƙo ke shiga ba fargaba. Sannan ga kwali mai tsabta da lambar waya a jiki, ga yaro da babur mai kai wa mutum har gida.

Hajiya ba ta cinye nata ba. Ta naɗe saura, ta roƙi kwali guda wanda ba a yi amfani da shi ba, ta ce za ta nuna wa mai ɗab'i a Ƙonni, ta ji nawa zai buga mata leda ɗari da sunanta a kai.