Neman Gidan Haya Mai Ruwan Zafi A Tamanrasat: A Duba Kafin A Biya

Duk wanda ya taso daga Damagaram ko Tawa ko Kano ya nufo Tamanrasat, abin da yake tsoro shi ne rana da ƙishirwar hanya, ba ya kawo sanyi a ransa. Sai ya kwana a garin cikin watan Janairu, ya tashi da asuba zai yi alwala, ya ji ruwan buta kamar ƙanƙara, sannan zai gane ashe hamada ma tana da nata hunturu. Dalili kuwa shi ne garin yana zaune ne a tuddan Ahaggar, kusan mita 1,400 sama da teku. Da rana hantsi mai daɗi, da dare ma'aunin zafi ya sauka wajen 5, wani daren ma ya kai inda ruwa ke daskarewa.

Saboda haka ne batun ruwan zafi yake shiga cinikin gidan haya a garin nan. Ni kaina na yi mako biyu ina bin dillali, wato samsar, daga Tahaggart zuwa Sersuf, daga can zuwa Gata'al Wad, ina nema wa ƙanena gida domin maiɗakinsa tana da tsohon ciki. Kowa ya san maijego a wajenmu sai ta yi kwana arba'in tana wanka da ruwan zafi safe da yamma, ga wankan jariri, ga wankin tsumma. A gida ana hura itace a ɗora ƙatuwar tukunya. A nan kuwa itace ba ya samuwa ta sauƙi, kuma ba kowane mai gida zai yarda a hura masa wuta a tsakar gida ba. Abin da na koya a wannan yawo shi nake son in shaida wa masu karatu.

Ruwa kafin zafinsa

Sai da ruwa ake maganar ɗumama shi. Tsofaffin mazauna garin suna tuna lokacin da ake dogara da motocin tanka. A shekarar 2011 ne aka ƙaddamar da aikin jawo ruwa daga In Salah, tafiyar kilomita 750 a cikin bututu. An sami sauƙi ƙwarai, amma duk da haka gidaje da yawa suna ajiye tanki, domin ba ko da yaushe famfo ke kawowa da ƙarfi ba.

Wannan ya shafi mai neman ruwan zafi kai tsaye. Na'urar gas da ake kira shofban ba ta ajiye ruwa. Da ka buɗe famfo, ƙarfin ruwan ne ke buɗe hanyar gas, wuta ta kama, ruwan ya bi ta cikin nannaɗaɗɗen bututu ya fito da zafi nan take. In ruwa ba shi da ƙarfi, wutar ba za ta kama ba sam. Gida na uku da aka kai ni, na'ura sabuwa fil tana bango, amma da muka buɗe famfo ruwa na ɗiga kamar hawaye, ko ƙyas ba ta yi ba. Saboda haka ka tambaya: ina tankin yake, a sama ko a ƙasa? Akwai injin tura ruwa? In akwai, wa ke biyan wutarsa?

Shofban ko kumulus

Iri biyu aka fi samu. Shofban ƙarama tana ba da kamar lita 5 ko 6 a minti ɗaya, babba kuwa lita 10 zuwa 13. Ƙaramar ta isa wanke-wanke da cika bokiti, amma gida mai yara sai babba. In unguwar tana da gas na bututu na kamfanin Sonelgaz, an huta. In babu, sai tukunyar gas ta Naftal mai kilo 13, kuma ka sani wanka kullum yana cinye ta da sauri. Wani abin lura shi ne gas ɗin tukunya yana yin sanyin jiki idan dare ya yi sanyi sosai. Kada wannan ya sa a kanga tukunyar kusa da wuta ko a kwantar da ita.

Na biyu shi ne kumulus, wato tanki mai aiki da lantarki, mai cin lita 50 ko 80 ko 100. Shi ba nan take yake ba. Mai lita 80 yakan ɗauki kusan awa 3 kafin ya yi zafi sosai, in mutum uku suka yi wanka a jere na huɗu sai ya jira. Yana kuma ɗaga kuɗin wuta, wanda ke zama rigima a gidan da 'yan haya da yawa ke kan mita ɗaya. Amma ba ya hayaƙi. Abin da za ka tabbatar shi ne an haɗa masa wayar ƙasa, kuma ba a bar tsirarar waya a banɗaki ba.

Dukansu biyu suna da abokin gaba ɗaya, wato farin dutsen da ruwa ke tarawa a cikin bututu. In ka ga ruwan sanyi na zuwa da ƙarfi, na zafi kuwa siriri, to na'urar ta toshe, sai mai gida ya kira mai gyara kafin ka tare.

Makashin da ba ya wari

Nan ne magana ta fi nauyi. Idan gas ko gawayi ya ci wuta a wurin da iska ba ta shiga, yakan fitar da wata guba da likitoci ke kira monokside. Ba ta da launi, ba ta da wari. Duk hunturu jami'an kwana-kwana na Aljeriya suna ba da sanarwar iyalan da aka tarar a gida ba rai, kuma a shekaru da dama adadin ya haura mutum 100. Abin ya kai a watan Janairu na 2023 Shugaba Abdulmajid Tabbun ya umarci Sonelgaz da ya sanya wa gidaje na'urar gargaɗi kyauta.

To, ɗan'uwa, in ka shiga gida ka ga shofban a cikin banɗaki ko ɗakin kwana, ka juya kawai, komai arharsa. Wurinta tsakar gida ko madafa mai taga. Ka duba bututun hayaƙi ya fita waje, ba a toshe shi da tsumma ko sheƙar tsuntsu ba. Ka sa a kunna a gabanka: harshen wuta shuɗi shi ne lafiyayye, in ya yi rawaya ko ka ga baƙin hayaƙi a bango, akwai matsala. Robar gas tana da ranar ƙarewa a jikinta, ka karanta. Kuma ƙananan ramukan iska da ke jikin bango ko ƙasan ƙofa, kada a liƙe su don gudun sanyi.

Idan mutanen gida suka fara ciwon kai da jiri da amai a lokaci guda, kada a ce zazzaɓi ne ko iskokai. A buɗe ƙofa da taga, a kashe gas, a fito da kowa waje, a kira lamba 14. Wannan gargaɗi ya haɗa da masu kwana da kaskon gawayi ko murhun shayi a ɗaki rufe.

Ciniki da takarda

Baƙo ya yi hattara da lissafi. Mutanen ƙasar nan da santim suke ƙirga, in mai gida ya ce miliyan 2, dinari 20,000 yake nufi. Galibi kuma ana neman kuɗin wata shida ko shekara gaba ɗaya, ban da la'adar dillali. In ka biya sannan ka gano na'ura matacciya ce, kuɗi sun riga sun shiga aljihu, shan ruwa ya fi ɓari.

Tun gyaran dokar da aka yi a 2007, hayar da ba a rubuta ba ba ta da ƙarfi a gaban shari'a. Don haka a rubuta, in da hali a gaban notar. A sa a takardar cewa akwai na'urar ruwan zafi, ta wane ne, da wanda zai gyara in ta lalace. Haka kuma dokar 2008 kan baƙi ta wajabta wa wanda ya saukar da ɗan wata ƙasa ya sanar da 'yan sanda ko jandarma cikin awa 24. Wannan ne ya sa wasu masu gidaje ke gudun takarda, mutanenmu marasa izinin zama kuma suke ƙarewa a ɗakunan da babu mai duba lafiyarsu. Manyanmu da suka daɗe a garin, masu jin Larabci da Buzanci, ya kamata su riƙa raka sababbin zuwa wajen ciniki.

Wanda ƙarfinsa bai kai ba kada ya damu. Rana ba ta yi wa garin nan rowa ba: jarka baƙa a kan rufi tun hantsi takan ba da ruwa mai ɗumi kafin la'asar, ga kuma hamam. Sai dai a guji tsoma ƙarfen lantarki a bokiti a bar yara kusa.

Mu dai daga ƙarshe mun ɗauki gida mai ɗaki biyu, shofban ɗinsa a tsakar gida, ko da yake ya fi na farko tsada. Maijego ta yi arba'in lafiya, yaro kuma yana rarrafe. Allah ya ba kowa masauki na alheri, ya tsare mu da iyalanmu, amin.