Wayar Hannu da Hada-hadar Kuɗi: Matsayin Tsarin USSD a Kasuwancin Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a bayyana yadda ɗan kasuwa ke hulɗa da bankinsa ta wayar hannu ba tare da ya bar rumfarsa ba. Za a taƙaita bayani a kan tsarin da ake kira USSD, wato gajerun lambobin nan da ake bugawa, masu farawa da alamar tauraro.

2.0 Tushen Al'amarin

Kafin shekarar 2001 layukan tarho a Nijeriya ba su kai miliyan ɗaya ba, kuma akasarinsu na NITEL ne. A watan Janairu na wannan shekara Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin GSM, a watan Agusta kuma kamfanonin Econet da MTN suka fara aiki. Da waya ta yawaita a hannun jama'a, sai bankuna suka ga hanyar isa ga mutanen da rassansu ba su kai gare su ba.

3.0 Yadda Tsarin Yake Aiki

Idan mutum ya buga lambar bankinsa, alal misali *737# ta bankin GTBank, kamfanin waya zai haɗa shi da kwamfutar bankin kai tsaye. Daga nan sai jerin zaɓi ya bayyana: aika kuɗi, ko duba abin da ya rage a asusu, ko biyan kuɗin lantarki. Lambar sirri ce ke tabbatar da umarnin. Fa'idarsa ita ce ba ya bukatar intanet, kuma ƙaramar waya ma ta wadatar. An ga muhimmancin wannan a farkon 2023, lokacin da canjin fasalin naira ya jawo ƙarancin takardun kuɗi, har ƙananan 'yan tireda suka koma karɓar ciniki ta waya.

4.0 Matsaloli

Matsala ta farko ita ce harshe. Akasarin jerin zaɓin da Ingilishi ake rubuta shi, ga shi kuma layin yakan yanke in an yi jinkirin amsawa. Saboda haka wanda bai iya karanta shi ba yakan miƙa wayarsa da lambar sirrinsa ga wani, ya zamana amanar dukiyarsa ta bar hannunsa. Ta biyu ita ce raunin sadarwa a karkara, inda akan cire kuɗi daga asusun mai saye alhali ba su isa ga mai sayarwa ba.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa samun waya kaɗai bai wadatar ba. Wajibi ne bankuna su samar da jerin zaɓin nan da Hausa, masana harshe kuma su daidaita kalmomin da za a yi amfani da su, domin kada kowane banki ya ƙirƙiro nasa.